Rediyon magana da ake haɗawa da hannu: yadda yake, inda yake lalacewa, da abin da za a sani kafin a aiko shi gida



Tun ranar da muka yi hira a iska kan matsalar rezo a rugage da ƙauyukan da ke nesa da kwalta, saƙo iri ɗaya ya yi ta shigo mana. Wani bawan Allah da ke neman kuɗi a waje ya ce ya ga ana sayar da rediyon magana a intanet, ba haɗaɗɗe ba, a warwatse cikin leda, kai za ka liƙa kayan da hannunka. Ya ce ƙanensa na gyaran salula, hannunsa ya faɗa. In ya aiko masa, zai iya haɗawa su riƙa gaisawa ba kati ba rezo? Minti biyar na shiri ba su isa amsa wannan ba, shi ya sa na zauna na rubuta. A taƙaice, haɗawa kam zai iya. Amma a jiharmu, danna maɓallin magana ba tare da takardar hukuma ba, jawo wa kai da iyali fitina ne. Ga bayanin dalla-dalla.

Kunne da baki

Akwatin rediyon da ke rataye a wuyan makiyayi kunne gare shi kawai, yana ji ba ya mayarwa. Wanda muke magana a kai yana da kunne da baki: ka saki maɓalli ka ji, ka danna ka yi magana. Ba baƙo ba ne a wurinmu. Oba-oba da ke hannun jami'an tsaro danginsa ne. Sandar nan mai kauri da kuke gani a gaban motocin ƙungiyoyin agaji, galibi ta rediyon Codan ce, na wani kamfanin Ostareliya. Manya kuma za su tuna lokacin da babu salula, ofisoshin hukuma da gidajen likita na karkara suna aika saƙo da rediyon da ake ce wa BLU. A gundumar Wallam har an yi tsarin da ma'aikacin lafiya na ƙauye ke kiran ambilans da shi, pano na ba shi wuta.

Sai dai dangin gida biyu ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Oba-oba na hannu yana aiki da zangon da ke tafiya a miƙe kamar hasken tocila, irin na FM ɗinmu. Tudu ya tare shi, ya tsaya. Tsakanin mutum biyu da ke tsaye a ƙasa, kilomita kaɗan ne iyakarsa, ko me aka rubuta a kwali.

Gida na biyu shi ne gajeren zango, daga megahaz 3 zuwa 30, inda iyayenmu ke kamo BBC da Jamus. Shi wannan sama yake hawa. Can kilomita 200 zuwa 400 a bisa kanmu akwai wani rufi na iska da rana ke cajawa, muryar ta buge shi ta dawo ƙasa a wani wuri mai nisa. Shi ya sa akwatin da bai kai tiren shayi girma ba zai iya ƙetare Sahara. Amma rufin yana da halinsa. A megahaz 7, da rana ana samun ɗaruruwan kilomita, da dare dubbai. A megahaz 14, da rana ake kaiwa Turai. Wani lokaci kuma abin dariya, mutumin Italiya ya ji ka tangaram, na Maine da ke kimanin kilomita 70 daga Diffa bai ji komi ba, don muryar ta tsallake kansa.

Ita BLU dabara ce ta tsimin ƙarfi. Ana zare uwar igiyar da rabin abin da ke ɗauke da murya, a aika gefe ɗaya kawai, sai duk ƙarfin ya taru wuri guda. In ka ci karo da ita a rediyon gida, za ka ji kamar agwagwa na magana da hanci a toshe. Ba lalacewa ba ce, akwatinka ne ba shi da abin da zai mayar da ita murya.

Su wa ke wannan harka

A duniya akwai mutanen da suka ɗauki rediyo abin sha'awa, kamar yadda wani ke kiwon tantabara. Suna rubuta jarrabawa, hukumar ƙasarsu ta ba su lasisi da lambar kira, ta ware musu yanki a zango: a ɓangarenmu na duniya, misali, daga megahaz 7.0 zuwa 7.2, da kuma 14.0 zuwa 14.35. An kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a birnin Paris ranar 18 ga Afrilu 1925, kuma har yau ranar 18 ga Afrilu suke bikinsu. Da jin farkon lamba ka san ƙasa: 5U Nijar, 5N Najeriya, TT Chadi, TJ Kamaru. Masu 5U ba su da yawa, shi ya sa ayarin Turawa kan zo Yamai da izini su kafa anten na ƴan kwanaki, duniya ta yi ta layi don ta samu Nijar a littafinta. Kada a haɗa su da kulob-kulob na rediyo da aka kafa a ƙasar nan a 1962. Waɗancan na saurare ne da tattaunawa, ba na aikawa ba.

Ranar wahala ake ganin amfaninsu. A watan Disambar 2004, da igiyar ruwan tsunami ta faɗa wa tsibiran Andaman na Indiya, wata mata mai suna Bharathi Prasad na can da ayarinta suna wannan sha'awa. Layukan tarho suka yanke, rediyonsu ya zama hanyar aika labarin waɗanda suka tsira zuwa ga danginsu.

Amma ga abin da mai tambayarmu bai sani ba. Lasisin nan ba madadin salula ba ne. Dole mai magana da mai amsawa kowa na da nasa. Ba a ciniki a kai, ba a magana a dunƙule da kalmomin sirri, kuma duk mai akwati daga nan har Masar yana jin abin da kuke faɗi. Wanda zai ce wa ƙanensa "na aiko kuɗin shanu, gobe ka je ka karɓa" a wannan hanya, to ya sanar da kasuwa.

Kayan da ke cikin ledar

Wanda ya fi dacewa da labarinmu shi ne BITX. Wani injiniya na birnin Hyderabad a Indiya, Ashhar Farhan, mai lamba VU2ESE, ya zana shi a farkon shekarun 2000 don mutanen da ba su da kuɗi kuma ba su kusa da manyan shaguna. Maimakon zoben da ake naɗa waya a kai mai tsada, ya yi amfani da zoben roba na famfon ruwa. Ya sa kowane sashe na ƙara ƙarfi ya yi aiki gaba da baya, wato hanya ɗaya ce murya ke bi in za ta shiga da in za ta fita, kayan suka ragu. Na farkon na megahaz 14 ne. A 2016 aka fito da BITX40 na megahaz 7, a ƙarshen 2017 kuma uBITX, wanda ya ɗauke gajeren zango daga 3 zuwa 30, da ƙarfin da ke kaiwa wat 10 a ƙananan zanguna. Waɗannan na baya suna zuwa an riga an liƙa faifan, kai za ka haɗa wayoyi, maɓallai da akwati.

Akwai QCX na wani Bature ɗan Ingila, Hans Summers, wanda ya fito a 2017. Wat 5 ne, zango ɗaya, kuma ba ya ɗaukar murya sai ƙwanƙwasar Morse, irin ta tangarahun da. Akwai kuma wani ɗan mitsitsi mai arha da ake ce wa Pixie, shi ma na Morse. Na faɗi wannan ne don kada wani ya sayi mai arha yana jiran ya ji muryar mahaifiyarsa, ya ƙare da "tit-tit-tiit".

Kada ku rena wat 5 ko 10. Bai kai abin da wani ƙwan lantarki ke ci ba, amma in anten ta yi daidai kuma sama ta buɗe, yana isa wata nahiya.

Inda yake mutuwa

A nan zan daɗe, don wannan ilimin ba na masu lasisi kaɗai ba ne. Duk mai gyaran rediyo, ampili ko cajar pano zai ƙaru.

Abu na farko shi ne wuta. Waɗannan akwatuna volt 12 suke ci. Ka juya wayar batir, ja a wurin baƙa, ƙiftawar ido ta isa. Ni kaina na taɓa yi wa wata ƙaramar na'urar haɗa sauti haka a wajen ɗaukar shiri, ina sauri magariba ta gabato. Wari kawai na ji. Maganin bai kai kuɗin shayi ba: a sa fizibul a wayar ja, a bayansa a gitta diyod tsakanin ja da baƙa ta yadda ba ta wuce da wuta sai an juya. Ranar da aka yi kuskure, fizibul ya ƙone, akwati ya tsira. Ga uBITX, da yake yana jan kusan amper 2 lokacin magana, fizibul na amper 3 ya wadatar. Kuma don Allah a daina naɗa zaren waya ko takardar sigari a gurbin fizibul. Kuskure na biyu da ake yawan yi a ƙauye shi ne jona na'ura kai tsaye da pano. An rubuta masa 12, amma da tsakar rana in ba kaya a kansa yana ba da volt 18 zuwa 22. Pano ya bi ta regilater ya shiga batir, na'ura ta sha daga batir.

Abu na biyu, wanda ya fi kashe su, shi ne tiranziston ƙarshe, mai tura ƙarfi zuwa anten. A BITX sunansa IRF510. Asalinsa ba don rediyo aka yi shi ba, na kunna wuta da kashewa ne, an zaɓe shi don arha da sauƙin samu. A QCX kuma ƙanana ne guda uku, BS170. Ku ɗauka kamar injin ban ruwa ne a gonar tattasai: in ka toshe bakin tiyo injin na aiki, ruwan zai koma ya fasa wani wuri. Haka ƙarfin rediyo. In ka danna magana babu anten, ko wayar ta tsinke, ko tsawonta bai dace ba, ƙarfin ya dawo ya dafa tiranziston. Mu a gidan rediyon nan mun ɗanɗana. Wata shekara iskar farkon damina ta sassauta mahaɗin waya a saman ƙarfe, ba wanda ya lura, aka kunna emeter da safe kamar kullum. Muka yi makonni shiru, mutane na tare mu a kasuwa suna tambaya ko an rufe mu ne. Abin da ya ƙone bai fi ƙwayar dabino ba, amma sai da aka nemo shi daga nesa.

Saboda haka mai gyara na ƙwarai ba ya gwada na'ura sai da anten ta ƙarya. Ga yadda ake yin ta: a samu rezistans 20, kowace om 1000 mai ɗaukar wat 2, a liƙa su kafaɗa da kafaɗa, duk kawunan wuri ɗaya, duk ƙafafun wuri ɗaya. Lissafin ya ba da om 50, daidai abin da rediyon ke nema. Ƙarfin zai zama zafi a cikinsu maimakon ya fita iska. Kada a sa irin rezistans ɗin nan farare masu naɗin waya a ciki, ba sa yi.

Abu biyu game da IRF510 da ba kowa ke faɗa ba. Ƙarfen bayansa, inda ake ɗaure shi da kusa, yana ɗauke da wuta. In ka manna shi da jikin akwatin ƙarfe don ya sha iska ba ka sa ƴar takardar nan mai raba su ba, ka haɗa wuta da ƙasa. Sa'annan in ka canja sabo, dole a sake daidaita ɗan abincin da yake ci yana zaune, wajen miliamper 100, da ɗan maɓallin murɗawa da ke kusa da shi. A fara daga ƙasa, ido na kan testa, a murɗa a hankali kamar mai zuba gishiri a miya, don akwai inda yake zabura lokaci guda. Na jabu kuma sun cika kasuwa. In aka samu dama a sayi huɗu ko biyar daga hannun da aka yarda da shi.

Abu na uku laifin mai haɗawa ne. Wayar jan ƙarfe da ake naɗa bobin da ita tana da fenti siriri wanda ido ba ya gani sosai. In ba a kankare bakinta ba, dalma za ta zauna a kai kyakkyawa amma wuta ba ta wucewa. Masu wannan harka sun ce a kayan da ake liƙawa da hannu, wannan na cikin abin da ya fi hana su tashi. Sa testa a kan ƙara, taɓa bakin nan da bakin can. Ba ta yi kuka ba, sake kankarewa. Liƙi mai kyau yana sheƙi yana kwance kamar ɗan tudu. Wanda ya dunƙule kamar kashin akuya, ya yi toka-toka, bai kama ba, ko ya yi aiki yau zai saki a kan hanyar Fulatari in mota ta girgiza shi.

Sai namu na gida, waɗanda ba za ka gani a takardar Bature ko ta Ba'indiye ba. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a inuwa, yana busar da kondansater masu ruwa a ciki, waɗanda ƴan'uwanmu na ƙetaren kogi ke ce wa kafasito. Ƙa'idar masu ƙera su ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanansu biyu. Wadda kanta ya kumbura ta gama. A canja da mai lamba ɗaya, a zaɓi wadda aka rubuta wa 105, a kula da ƙafar da ke da alamar ragi. Ƙurar hunturu tana shiga rele da maɓallin ƙara murya, sai ka ji ƙarar-ƙarar ko akwati ya ƙi komawa saurare bayan magana. Zanzaro na gina ɗaki a ramin iska, ɓera na cin waya, gara na cin sandar anten daga ƙasa. Iskar hunturu kuma in tana kaɗa ƙura a kan doguwar waya tana tara mata caji, har ka ji tas-tas a mahaɗi. Rezistans ta om dubu 100 da aka gitta a bakin anten tana zubar da shi a hankali ba ta rage komi ba. Tsawa kuwa ba ta da rezistans. Hadari ya haɗo, a zare wayar gaba ɗaya a jefa ta waje.

In aka kawo maka wanda ya mutu, kada ka fara da ƙarfen dalma. Fara da hanci, ko akwai ƙauri. Sai ido, da hasken rana da madubin ƙara girma. Sai testa: volt 12 ya shiga? Ya wuce fizibul? Volt 5 na ɓangaren allo yana nan? In allo na haske amma ba sauti, taɓa tsakiyar maɓallin murya da bakin sukurdireba. Ka ji "buuu" a lasifika, to ɓangaren sauti lafiya lau, matsalar na gaba wajen anten. In magana ce ba ta fita, jona anten ta ƙarya, sa testa a layin batir, danna ka yi fito a makirfo. Lambar ta yi tsalle, ƙarfi na fita. Ta tsaya cik, koma baya mataki-mataki. Kuma abu ɗaya ake canjawa a gwada. Mai canja biyar lokaci guda, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba.

Wani ciwon ma ba na akwatin ba ne. Cajar salula mai arha, ƙwan LED, inbata da wasu regilater na pano suna watsa ƙara a gajeren zango, shuuu ba tsayawa. Kafin ka buɗe akwati, kashe komi na gidan ka bar shi da batir kaɗai. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Anten

Rabin rediyo anten ne, kuma shi ne ɓangaren da ya fi arha. Wadda ta fi sauƙi waya biyu ce, ɗaya dama ɗaya hagu, kebul ya sauko daga tsakiya. Lissafinta: raba 143 da megahaz ɗin da kake so, ka samu tsawon duka a mita. Na 7.1 ya ba da mita 20 da ƴan kai, wato kowane hannu mita 10. Na 14.2 rabin haka. A yanka da ɗan saura, don ragewa ta fi ƙari sauƙi. Kyanta a ƙasarmu shi ne ba ta dogara da ƙasa ba. Yashin tuddan Fulatari busasshe ne, ba ya wuce da wuta sosai, anten mai sanda ɗaya tsaye tana wahala a kansa in ba an shimfiɗa mata wayoyi a ƙasa ba.

Kebul na parabol, mai om 75, yana yi da wannan anten ba laifi. Matsalarsa saƙar ciki galibi alminiyom ce, ba ta kama dalma, sai a yi amfani da mahaɗinsa na murɗawa. In kusa ake nema, kamar daga Diffa zuwa Gigime ko Gudumariya, ba a ɗaga wayar sama ƙwarai. Mita 4 zuwa 6 daga ƙasa na sa muryar ta hau tsaye ta zubo kewaye kamar ruwan sama. A nesanta ta da wayar NIGELEC, nesa sosai, yadda ko ta tsinke ba za ta faɗa kai ba. Kuma kada yaro ya kama bakinta ana magana, tana ƙuna.

Gyare-gyaren da masu shi ke ƙarawa

Kusan ba wanda ke barin BITX yadda ya zo. Na farko-farko suna da ciwon zamewa: akwati ya ɗumama, tashar da ka kamo ta gudu, kana bin ta da maɓalli. A zafinmu abin sai ya ninka. An magance shi da ɗan guntu mai suna Si5351 wanda ƙaramar kwamfuta Arduino ke tuƙawa. Ana ƙara babban ƙarfen shan zafi da ƴar fanka da aka ciro daga matacciyar kwamfuta. Ana ƙara abin da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa, don na asalin ba su da shi: kana kasa kunne ga mai rauni, wani mai ƙarfi ya shigo ya kusa fasa maka dodon kunne. Makirfo kuwa, na tsohon abin kunnen salula yana yi.

Gyara ɗaya ne ba na so, shi ne ƙara wuta don a ƙara ƙarfi. Ninka wat 5 zuwa 10, wanda ke can da ƙyar zai ji bambanci, kai kuwa ka ninka zafi. Mafi muni shi ne cire matatar ƙarshe, bobin da kondansater ɗin da ke gab da anten. Kowace na'urar aikawa tana haifar da ƴaƴan murya a ninkin zangonta: mai aiki a 7 yana zubarwa a 14 da 21. Matatar ce ke tare su. Wannan ya shafi yaranmu masu basira da ke haɗa ƴar tashar FM da tarkacen rediyo, ana ta yaɗa su a WhatsApp. Ina jinjina musu, wallahi. Amma su sani FM ta ƙare a 108, daga nan sama zangon jiragen sama ne, kuma Diffa na da filin jirgi.

Maganar hukuma

Zango dukiyar ƙasa ce. A Nijar hukumar ARCEP, wadda ta gaji ARTP a 2018, ita ke kula da rabonsa. Mu kanmu gidajen rediyon al'umma, tun daga ta farko da aka buɗe a Bankilare a 1999 da wutar pano, ba wadda ke hawa iska sai da izini da zangon da aka yanka mata.

Jiharmu kuma tana da nata hali. Tun watan Fabrairun 2015, bayan hare-haren Bosso da Diffa, aka sa dokar ta-ɓaci, kuma kowa ya ga abin da ta taɓa a lokacin, daga babur har cinikin tattasai da kifi. A ƙetaren Komadugu, a watan Mayun 2013 an yanke layukan salula a Borno, Yobe da Adamawa, daga baya har Thuraya aka haramta a Borno. A Satumbar 2021 aka yanke na Zamfara. Wato a yankin nan kayan sadarwa ba abin wasa ba ne a idon masu tsaro. Ku sa kanku a matsayin soja a shingen bincike, ya buɗe jakar saurayi ya ga akwati mai wayoyi da makirfo, ba suna ba takarda. Kafin a gane ɗan gyaran salula ne mai son ilimi, iyayensa sun sha zarya. Haka ƙananan oba-oba irin Baofeng da ke shigowa kasuwa. Suna aiki daga megahaz 136 zuwa 174 da kuma sama da 400, inda ma'aikatu da jami'ai ke da zangunansu. Sayar da shi a fili ba ya nufin an halatta maka riƙe shi.

To ɗan'uwa na waje, in kana son ƙanenka ya koyi wannan sana'a, ga shawarata. Kada ka fara da mai baki. Aiko masa testa mai kyau, ƙarfen dalma mai daidaita zafi, dalma siririya ta ƙwarai, madubin ƙara girma, da akwatin saurare na gajeren zango mai kama BLU, irin su Tecsun PL-660. Ya ɗaura waya a bishiya, bayan isha'i ya murɗa tsakanin 7.0 da 7.2, da rana kuma sama da 14.1, ya ji yadda ake kira da amsawa. Kai da ke da intanet mai ƙarfi, jami'ar Twente ta ƙasar Holan ta sa akwatin saurarenta a intanet kyauta, kana iya murɗa shi daga salularka. In ya shekara yana saurare yana gyara, sha'awar ba ta sake shi ba, sai ya rubuta wa ARCEP a Yamai ya nemi sharuɗɗa, ya sanar da hukumomin garinsu, takarda ta zo hannu kafin kaya su zo.

Kafin nan aiki na nan jibge. Akwatunan saurare da suka mutu a rugage sun fi a ƙirga, kuma yawancinsu ba wani babban ciwo ba ne: ruwan pil ya ci ƙarfen mazauninsa, wayar lasifika ta saki, ko ƙura ta cika maɓalli. Wanda ke da irin wannan kada ya yar, kada kuma ya bar pil a ciki. A cire, a goge wurin da tsumma busasshe, a kai wa mai gyara ranar kasuwa. Mai gyara kuma ya wanke hannu bayan ya taɓa dalma kafin ya sa a tuwo, don akwai gubar darma a cikinta, kuma kada ya yi liƙi kusa da batir ɗin da ke kan caji.